Tsohuwar tarakta a duwatsun Adar: a gwada birki kafin a saurari kukan inji

Cikin ƴan shekarun nan tarakta ta shiga sahun kayan da ɗan kasuwa ke zuba jarinsa a ciki, kamar yadda aka saba sayen kamyo ko injin niƙa. Wanda ya samu ribar albasa, ko ta wake, ko ta aya, sai ya nemi tsohuwar motar noma ya ɗaukar mata direba. Da damina ta yi huɗa a gonakin mutane a biya shi, da rani a ɗaura mata remok ta riƙa kwaso buhunan albasa daga garake zuwa bakin gudron, in aikin albasa ya ƙare ta koma jigilar dutse da yashi wa masu gini. Ranar kasuwa kuwa, a ƙauyukan da mota ba ta shiga, ita ce motar haya: mata da ƙwaryarsu da kwandunansu, da awaki, da yara, duk a kan remok ɗaya.

Lissafin yana da kyau, ba mu musa ba. To amma lissafin da aka yi a ƙasar Maraɗi, inda gona take shimfiɗe kamar tabarma, ba shi ne na Adar ba. Duk wanda ya bi hanyar Madawa zuwa Buza, ya wuce Keita ya faɗa Tawa, ya san yadda ƙasar take: fako mai tsakuwa a bisa, sai gangare mai kaifi, sai kwari a ƙasa inda albarkar take, kamar Majiya da Tarka da kwarin Badagishiri. Abinci yana ƙasa, hanya da gari sau da yawa suna bisa, ke nan tarakta ba ta da makawa sai ta hau ta sauka kullum. Haka abin yake a gefen Dogon Dutsi da wajen duwatsun Kutus a ƙasar Gure. A irin waɗannan wurare, abin da mai saye ya fi dubawa, wato ƙarfin inji da kyan fenti, shi ne abin da ya fi ƙarancin amfani ranar da mota ta juyo gangare da kaya a bayanta.

Irin motocin da ke zuwa mana

Galibin tsofaffin taraktocin da ke yawo a kasuwanninmu sun yi rayuwa guda a wata ƙasa kafin su iso. Jar Massey Ferguson ita ce ta fi yawa. Ƙaramar, mai lamba 135, an fara ƙera ta a 1964 aka daina kafin 1980, ke nan duk wadda aka nuna maka ta haura shekara 45 a duniya, ko da kuwa fentinta na walƙiya. Akwai 165 da 265 da 290, akwai kuma 375 da 385, waɗanda kamfanin Millat ke harhaɗawa a Lahor ta ƙasar Pakistan. Daga Nijeriya ana shigo da tsofaffin Fiat da aka taɓa harhaɗawa a Kano da Steyr na Bauci. Akwai shuɗiyar Ford, akwai Belarus ta garin Minsk, akwai na Indiya irin su Mahindra da Sonalika.

Ba za mu ce wa kowa ga sunan da zai saya ba. Abin da za mu ce shi ne a sayi wadda makanikin garinku ya san cikinta, kuma ake samun kayanta kusa. Wannan ne ya sa Massey mai injin Perkins ta yi kasuwa: ko a Katako ta Yamai, ko a Ƙonni, ko a ƙetare a Ƙofar Ruwa ta Kano, ba a rasa kayanta. Tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023 kaya suka koma zagayowa ta Lome, duk wanda ya riƙe motar da sai an aiko mata ƙarfe daga Turai ya ji a jikinsa. Tarakta ta kwana 20 a garaji cikin watan Yuni ko Yuli, ta rasa aikin shekara ke nan, domin manomi ba ya jiran kowa in ruwan shuka ya sauka.

Akwai iri biyu da muke ganin bai kamata mai aiki a tudu ya kusance su ba, komai arharsu. Na farko su ne ƴan siraran taraktocin da Faransawa da Italiyawa ke shiga da su tsakanin layukan inabi. An matse ƙafafunsu da gangan don su wuce ta lungu, kuma matsattsiyar mota ba ta da wuyar kifewa. Na biyu su ne ƙananan na Japan da aka yi don gonar shinkafa. Suna da kyau a fili mai laushi irin na noman rani a Ƙonni ko Jiratawa, amma ba su da nauyin da za su riƙe remok a gangare. Abin nema a Adar shi ne mota mai faɗi, gajera, wadda nauyinta ke kusa da ƙasa. In an samu mai ja da taya huɗu, ta fi riƙe ƙasa wajen hawa da sauka, sai dai kayanta sun fi tsada, kuma tana sa wa direba ƙarfin halin shiga inda bai kamata ba.

Ranar ciniki

Dillali zai so ka zo da hantsi, ya riga ya tada mota ta yi ɗumi. Kai kuwa ka yi sammako, ka ɗora hannu a kan inji ka tabbata da sanyinsa, sa'annan a tada shi a gabanka, domin injin da ya gaji da sanyin safiya yake tona asirin kansa. Ka dubi hayaƙi: shuɗi alamar yana cin baƙin mai ne, fari da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi yana iya zama ruwa ke shiga inda bai kamata ba, baƙi kuwa sau da yawa matsalar famfon gazuwal ce ko matatar iska da ƙura ta toshe. Ka zaro sandar gwajin mai. In ka ga man ya yi fari-fari kamar an zuba masa nono, ruwa ya gauraya da shi. Agogon da ke ƙirga awoyin aiki kuwa, kada ka ba shi gaskiya ko kaɗan. A ɗaga garma da hannuwan baya a kashe inji, a tsaya a gani ko za ta zauna a sama ko za ta sulalo ƙasa nan da nan. A duba lambar jikin mota ta yi daidai da ta takardun duwan.

Wannan duka kowane makaniki zai duba maka, kuma galibin masu saye a nan suke tsayawa su shiga maganar kuɗi. Mu a ganinmu a nan ne ma dubawar take farawa.

Tarakta mai ja da baya kawai ba ta da birki a tayoyin gaba. Dukan ranka da na mutanen da ke bayanka yana rataye ne a kan tayoyi biyu na baya. Birkin kuma biyu ne, na dama da na hagu, kowane da abin takawarsa, an yi su haka don direba ya iya juyawa a ƙurarren wuri cikin gona. Da yake direbobi sun fi juyawa ta gefe ɗaya, shekara da shekaru, sai birki ɗaya ya cinye ya bar ɗaya. Ka sa a taka kowane shi kaɗai a kan ƙasa mai tauri ka ga ko taya ta tsaya cak. Sa'annan a haɗa su da ɗan ƙarfen da ke kulle su wuri guda, a taka tare. In mota ta fizga gefe ɗaya, haka za ta fizga a gangare, kuma can ba fili. Wannan ɗan ƙarfen kullewa, a motoci da yawa ya ɓace tun tuni, ba wanda ya damu. Ka leƙa ta cikin tayoyin baya: in ka ga mai yana tsatsowa daga gindin ƙafa, a tsofaffin motoci masu busasshen birki irin 135 man nan yana jiƙa birkin ya mai da shi kamar sabulu.

Daga nan sai sitiyari. Ka murɗa shi mota na tsaye ka ga iyakar yadda zai yi wasa kafin tayoyin gaba su motsa. Ka sa a ɗaga gaban a girgiza tayoyin da hannu. Ka bi ƙafafu da ƙarfen ja da idonka kana neman tabon walda da aka shafe da fenti, domin ƙarfen da ya taɓa karyewa a wurin ɗaukar nauyi zai sake. Tayoyin baya ma kuɗi ne masu yawa, kuma sulɓaɓɓiyar taya a kan tsakuwar fako daidai take da babu birki. In sun cinye, a cire kuɗin sababbi daga farashi tun a wurin ciniki.

Akwai wani tarko da ya kamata duk mai sayen tsohuwar Massey ya sani. Waɗansu 135 da 165 da ƴan uwansu suna da wani ɗan maɓalli kusa da sitiyari da aka rubuta wa Multi-Power, mai matsayi biyu, sama da ƙasa, wanda ke ƙara ko rage gudu ba tare da an taka kuloci ba. In yana a matsayin ƙasa, inji ba ya riƙe mota a gangare ko kaɗan: tana cikin giya amma tana gangarawa kamar an sake ta. Turawan da suka yi aiki da ita sun san haka, an rubuta a littafinta, amma littafin bai biyo ta zuwa Tamaske ba. Wanda ya sayi irin wannan, ya gaya wa direbansa da babbar murya cewa ba a sauka tudu sai maɓallin yana sama. Wanda bai saya ba tukuna, gara ya nemi mai giya ta gargajiya.

Ƙarfen da ake cirewa

Abin da ya fi kashe direban tarakta a duniya shi ne kifewa, mota ta danne shi. Maganin da aka samo ba wani abin mamaki ba ne: ƙarfe mai ƙwari kamar ƙofa, an kafa shi a kan ƙafafun baya ya wuce kan direba, ta yadda in mota ta faɗi za ta tsaya a gefenta, ko in ta birkice ta bar masa sarari. Ƙasar Suwidin ce ta fara tilasta shi a kan sababbin taraktoci a 1959, kuma cikin shekaru 30 mace-macen kifewa suka ragu da fiye da kashi 90 cikin 100. Ingila ta bi sahu a 1970. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ce in aka haɗa ƙarfen da ɗamarar kujera, kashi 99 cikin 100 na waɗanda mota ta kife da su suna tsira daga mutuwa ko mummunan rauni.

To ina ƙarfen yake a motocinmu? Waɗansu sun girme shi, ba a taɓa sa musu ba. Waɗansu kuwa sun zo da shi ko da ɗakin direba, aka kwance don mota ta shiga kwantena, ko aka sayar da shi daban, ko direba ya cire don yana taɓa reshen gawo. A madadinsa sai a kai wa mai walda ya yi rumfa da siraran bututu da kwano don inuwa. Rumfar nan maganin rana ce kawai. Ranar kifewa lanƙwashewa za ta yi ta zama wani abin da zai soke mutum. In za ka saya, ka tambayi ƙarfen asali, ka sa shi cikin ciniki, a ɗaura shi da kusoshinsa na ainihi. Game da ɗamara kuma a lura: tana da amfani ne in akwai ƙarfen. In babu shi, ɗaure direba a kujera hana shi tsalle ne kawai.

Akwai gyara biyu da ba sa cin kuɗi sosai. Tayoyin bayan tarakta an yi su ne yadda za a iya juya ƙarafansu a buɗa ƙafafun su ƙara faɗi. Makaniki zai yi wannan cikin yini ɗaya, kuma kowane taƙi da aka ƙara yana ƙara wa mota zama. Ana kuma ɗura ruwa a tayoyin baya har kashi uku cikin huɗu don nauyi ya sauko ƙasa, a rataya ƙarafan nauyi a hanci don kada gaba ya yi sama.

Yadda take kifewa

Kifewa iri biyu ce, ta gefe da ta baya. Ta gefe ta fi yawa, kuma a nan ne manomin Adar yake tsaka mai wuya. Duk wanda ya ga aikin furojen Keita, wanda aka fara a 1984 da taimakon Italiya, inda mata suka ɗauki duwatsu a ka suka jera gandari a kan tuddai, ya san darasin: ba a huɗa daga sama zuwa ƙasa, domin kowace kunya za ta zama hanyar ruwa, ruwa ya kwashe ƙasa ya bar kwazazzabo. Huɗar kirki ita ce wadda ta gicciye gangare. Amma gicciye gangare shi ne daidai tafiyar da ke karkata tarakta gefe ɗaya. Abin da ke ceton ƙasa shi ke jefa direba cikin hatsari.

Ga lissafin da muke so mai mota ya riƙe. Tsakanin tayoyin bayan matsakaiciyar tarakta bai wuce mita 1 da rabi ba in ba a buɗa su ba. A ce gona tana sauka mita 1 a cikin kowace mita 5, mota na tafe a karkace amma lafiya lau. Sai tayar sama ta hau dutse mai tsawon santimita 30, ko ta ƙasa ta faɗa tsohon ramin tassa mai zurfin haka. Santimita 30 a kan mita 1 da rabi, shi ma ɗaya cikin biyar ne. Cikin ƙiftawar ido karkatar ta ninka biyu. Ke nan ba tudun kaɗai ake aunawa ba, har da abin da ke ɓoye cikin ciyawa, kuma gonakin Adar cike suke da dutse da ramu da kututture. Shi ya sa direban kirki yake zagaya sabuwar gona da ƙafa kafin ya shiga da mota. Auna gangare ba wuya: tiyon ruwan nan da ake fitar da layin gandari da shi ya isa. Mu dai shawararmu, inda saukar ta kai mita 1 cikin 5, a bar wa shanun huɗa da hauya da tassa, ko mai gona ya ninka kuɗin aiki.

Gudu shi ne abokin karkata. In aka ninka gudu sau biyu a kan kwana, ƙarfin da ke tura mota waje yana ninkuwa sau huɗu. Bakin ƙorama kuma ba abin yarda ba ne, balle bayan ruwa mai yawa irin na daminar 2024, da ya ci gindin gaɓa a wurare da dama ya bar sama kamar lafiya. Ƙa'idar ita ce a nisanci baki gwargwadon zurfin ramin: in zurfinsa mita 2 ne, kada taya ta matsa kusa da mita 2.

Kifewa ta baya ta fi saurin kisa. Tayoyin baya in suka kasa juyawa, ƙarfin inji sai ya juya jikin motar a kansu, hanci ya tashi sama. Cikin kashi uku bisa huɗu na daƙiƙa ta kai inda ba ta dawowa, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi ta kwanta a kan direba. Ƙafa ba ta isa kuloci ba. Abin da ke jawo wannan sananne ne: a ɗaura sarƙa a sama, wajen hannun garma na bisa ko a jikin ƙafa, don a tuge kututture ko a jawo kamyon da ya kafe a yashi. Ba a ja da komai sai da ƙarfen ja na ƙasa, wanda ke ƙarƙashin tsakiyar tayoyi. Haka in tayoyi suka nutse a laka, da baya ake fita, ba da gaba ba, kuma ba a ɗaura gungume a jikin taya. Tudu mai tsayi sosai, mota marar remok da baya take hawansa, ta sauko da gaba.

Remok, da masu hawanta

Yanzu mu zo kan abin da ya fi shafar iyayenmu mata masu cin kasuwa. Buhun albasa irin na Galmi ya haura kilo 100. In aka loda buhu 40, an wuce tan 4, ban da nauyin remok kanta da mutanen da ke bisa. Ƙaramar Massey 135 ba ta kai tan 2 ba, 375 ma ba ta kai tan 3 ba. Galibin remok ɗin da maƙeranmu ke haɗawa ba su da birki nasu. A kan fili ba a ganin aibin haka, mota na ja kaya na biye. Da an juyo gangare sai magana ta juye: kaya ne ke tura mota, kuma mai tan 4 yana tura mai tan 2. In direba ya taka birki da ƙarfi tayoyi suka kulle a kan tsakuwa, remok za ta turo bayan motar gefe, su naɗe kamar wuƙar aljihu, su kife tare.

Maganinsa a bisa tudu ake yin sa, ba a tsakiya ba. A tsaya cak, a kulle birki biyu wuri guda, a sa giyar da za a iya hawan wannan tudu da ita da wannan kaya, a sauka da ita inji na riƙewa. Ba a taɓa kuloci, ba a canza giya a tsakiyar gangare, domin tsohuwar tarakta in giya ta fita tana tafe, ba ta komawa. In kaya sun yi yawa, a yi sawu biyu. Ƙusar da ke haɗa remok da mota ta zama ta ainihi mai makulli a ƙasa, ba guntun ƙarfen gini da aka lanƙwasa ba, a ƙara da sarƙa ko da ƙusar za ta tsalle.

Hajiya, ke da kika biya kuɗin buhunanki kika hau bisansu, kina da iko a nan fiye da yadda kike zato. In an iso bakin gangare, ki ce a tsaya ki sauka ki taka da ƙafa, ki tarar da su a ƙasa. Tafiyar minti 10 ce. In mata biyar suka sauka tare, direba ba zai yi gardama ba, gobe ma da kansa zai tsaya. Kada ki zauna a gaban remok ƙafafunki na lilo tsakaninta da mota, kada ki yarda a ɗora yaro a kan murfin taya kusa da direba, ko ya tsaya a kan ƙarfen ja. Kujera ɗaya aka yi wa tarakta. Wanda ya zamo daga murfin taya, gaban babbar taya yake faɗawa, in ta kuskure shi tayar remok na tafe.

Wani wurin da mata ke kusantar tarakta shi ne inda aka kafa ta tana juya injin sussuka ko na ɓarza ko famfon ruwa. Sandar da ke fita daga bayanta tana juyawa sau 540 a minti, wato sau 9 a kowace daƙiƙa. In ta kama bakin mayafi ko hijabi ko zane, kafin mutum ya yi ihu ta naɗe shi. An yi mata rigar roba mai rufe ta, amma da wuya ka ga tsohuwar mota da ke da ita. Mai mota ya sayo, ba ta kai kuɗin taya ɗaya ba. Kafin nan a ja igiya a kewaye wurin, kuma ba mai tsallake sandar ko da kuwa zagayen ya yi nisa.

Laifin mai mota

Idan hatsari ya faru, baki ɗaya ake cewa direba ne ya yi ganganci, ko a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mu kuwa muna ganin sau da yawa hatsarin a shagon Alhaji aka ƙulla shi. Mai mota ya auna wa direba gazuwal lita-lita, ya ce in bai isa ba ya cika daga aljihunsa. To me zai hana direba ya saki giya a gangare don ya tsimi mai? Ya ce a biya shi bisa yawan sawu ko yawan eka. Me zai hana shi gudu da lodin da ya wuce kima, ya yi aiki har dare ba fitila? Remok marar fitila da marar kyalli a baya, a kan babbar hanyar Ƙonni zuwa Madawa da dare, tarko ce ga kowace motar fasinja. Ya ƙi sayen batir, sai direba ya riƙa kwana da mota a kan tudu don da safe a gangara da ita ta tashi, yara na turawa. Ko kuwa ya tsaya a ƙasa gaban babbar taya ya haɗa wuta da sukudireba. In an manta ta cikin giya, kansa za ta fara bi.

Sai maganar wanda ake ba motar. Direban kamyo ba direban tarakta ba ne, yaron da ya shekara yana riƙe dutsen tare taya ma bai zama direba ba don ya iya tada inji. A nemi wanda ya yi aiki a tudu, a hau tare da shi a ga yadda yake sauka. A yanka masa albashin wata da ɗan ƙari a kan aiki, man mota ya zama na mai mota. A kuma gaya masa a gaban shaidu cewa in ya ƙi shiga wata gona ko ya ƙi wani lodi don yana ganin hatsari, ba za a cire masa ko dala ba.

Kafin a biya kuɗin mota, a ware na birki da taya da batir da ƙarfen kariya a gefe, a ɗauke su cikin farashinta. In jarin bai kai ga duka ba, a ƙara haƙuri zuwa cinikin albasa mai zuwa, ko a haɗa hannu da wani a saya tare. Watan Afrilu da Mayu, lokacin da kuɗin albasa ke hannu kuma damina na ƙaratowa, dillalai sun san mai saye yana cikin sauri, a lokacin ne farashi ke hawa kuma ake fito da motocin da aka yi wa sabon fenti. Wanda ya iya jira har bayan girbi ya fi samun sararin kai mota bakin tudu ya gwada ta da kaya kafin ya ƙirga kuɗi.